Sunaye Arba'in, Gida Ɗaya

Laras na manna wa kwalaye adireshin mutanen da suka yi mata karo-karo a intanet har ta buga littafinta na aljanun teku, sai ta lura da wani abu. Cikin sunaye sittin, arba'in adireshin gida ɗaya ne, gidan abokinta Gilang, da ke gabanta yana ɗaure kwalaye.

"Yaya Gilang, su wa ke nan?"

Ya kasa ɗagowa. "Duk ni ne, ƙanwata. Sonki nake."

Ashe mutum ashirin kaɗai ke jiran labarinta. Sauran tausayi ne, ko tarko?

"Ka karanta shi kuwa?"

Ya girgiza kai.

Ta tura masa kwalin littattafansa arba'in. "Kwashi kayanka. Kar ka dawo sai ka kai shafin ƙarshe."