Turaren Ɗaɗɗoya

Taubashina ya faɗo ɗakina yana kaɗe babbar riga, ƙudaje na biye da shi tun daga Tunga.

"Wane irin turare ne wannan? Yarinyar da na je zance wurinta har da hawaye don dariya, babanta ya ce in je in yi wanka."

Duk turaren da na saya, shi yake ɗaukewa ya tafi zance. Wannan karon man ganyen ɗaɗɗoya na ɗura a kwalbar turaren. Na tace shi a makaranta, ina zaton sinadarinsa yana jan ƙudan mangwaro, amma malaminmu ya ce sai an gwada a fili.

"Sannu," na ce. "Gindin mangwaro kuka zauna, ko? Kamar guda nawa suka zo?"