Kular da Take Dawowa Wayam

Uwar ta faɗo filin tsere ko sallama babu, takardar asibiti a hannunta.

"Koci, so kake ka kashe min 'ya? Yarinya 'yar shekara sha shida tana gyangyaɗi a aji, hawan bene ma sai ta yi haki. Likita ya ce jininta ya yi ƙasa. Doki ka samu?"

Kocin ya cire usur daga bakinsa. "Baiwar Allah, wata biyu ke nan da na rage mata gudu. Tana cin abinci kuwa?"

"Ni za ka tambaya? Kullum kula cike nake ba ta, ta dawo min da ita wayam!"

Ya nuna mata bayan benci, inda karen mai gadi yake kwance, ya yi ɓul-ɓul.

Uwar ta juya kan 'yarta, da ke zaune a kan bencin. "Don ubanki, wa ya ce ki daina ci?"

Yarinyar ta ci gaba da ɗaure takalminta, ba ta ɗago ba.

"Ke, Mama. Ranar da na zo ta biyu, cewa kika yi wadda ta wuce ni ba ta kai ni nauyi ba."