Ƙaramin Inji, Babban Kaya

Lyle Hocking ya yi wata uku yana neman motar kwana ta hannu, irin mai gado da murhu a ciki. Likitan ido ya gaya wa matarsa Noeleen cewa ganinta yana raguwa, kuma ba zai dawo ba. Ita kuwa abu ɗaya take so ta gani da idonta: manyan kifayen teku da ake kira wel, waɗanda ke zuwa gaɓar Head of Bight su haihu lokacin sanyin ƙasar, wajen tsakiyar shekara, su tafi da 'ya'yansu wajen Oktoba. Shekara arba'in suna zaune a Whyalla, tafiyar yini guda ce, amma kullum sai baɗi.

Motoci biyu suka rage masa a zaɓi. Ɗaya mai injin dizal lita uku, ɗaya mai ƙaramin injin fetur lita biyu. Mai ƙaramar ya nuna masa takarda: tana shan mai lita goma a kilomita ɗari. Ta dizal kuwa sha biyu aka rubuta. Lyle mutum ne da in ya ga abu a rubuce, magana ta ƙare.

Maƙwabciyarsu Bev, wadda ta tsufa a tuƙin tirela, ta leƙo ta kan shinge, ya gaya mata lissafin.

"Wannan lissafin na mota marar kaya ne, Lyle. Me za ka ɗora mata?"

"Kayan mutum biyu kawai."

"Na san kayan mutum biyunka. Kai da ke zuwa kamun kifi kamar mai tashi daga gari. Ka loda ta tukuna, ka hau sikeli, ka je Cowell ka dawo, sannan ka cika tanki ka ga abin da ta sha. In ba ta iya ba, ka ɗauki babbar."

"Bev, mota zan saya, ba tirela ba," in ji shi yana dariya.

Ya sayi ƙaramar. Ya ɗaure kwale-kwale a kanta, ya cika tankin ruwa, ya ƙara jarkoki huɗu, tukwanen gas biyu, janareta, firji, da akwatin kayan gyara da namiji ɗaya ba ya iya ɗagawa. Kafin ya gama shiri Satumba ta kusa ƙarewa. Noeleen ta tsaya tana kallon yadda bayan motar ya durƙusa.

"Tsoho, mun ɗauko gidan ne gaba ɗaya?"

"Ke dai shiga. Za ki gode mini."

Suna wuce Kimba iskar yamma ta tare su gaba da gaba. Lyle ya danne totur har ƙasa, motar tana kuka, tana tafiya kamar mai ciwon ƙafa. A Ceduna ya cika tanki ya lissafa: lita goma sha takwas a kilomita ɗari. Ya ninke rasidin ya cusa a aljihu, bai ce wa matarsa komai ba. Kunya ce ta hana shi, kuma ita ta hana shi tsayawa da allurar zafin inji ta fara hawa.

Bayan Penong inji ya yi wata ƙara, tururi ya turnuƙe gilashi, mota ta mutu a gefen titi.

Aka ja su zuwa Ceduna. Bakanike ya buɗe ya girgiza kai. Inji ya ƙone, kayan gyara sai an turo daga Adelaide, kuma akwai motoci a gabansu. Sati biyar motar ta yi a gareji. Kafin ta fito kifayen sun tafi.

Noeleen ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ne ya fi yi wa Lyle ciwo. A cikin rani idonta na hagu ya rufe. Na dama ma tsakiyarsa ta dushe, sai gefe.

Wata safiya ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar Bev.

"Na zo ki yi mini dariya, sannan ki koya mini."

"Dariyar na gama ta tun bara. Ɗauko makulli."

Ya sayar da kwale-kwalen da janareta. Suka hau sikelin manyan motoci, Bev tana sauke kaya yana mayarwa, tana sake saukewa, har nauyi ya dawo ƙasa da iyakar da aka rubuta a jikin ƙofar motar. Suka je Cowell suka dawo cikin iska, suka cika tanki: lita goma sha biyu.

"Ka gani?" in ji Bev. "Injin ba shi da laifi. Ɗan maraƙi ka ɗaura wa garmar bijimi."

A watan Yuli, da farkon zuwan kifayen, suka kama hanya a hankali, suka kwana a Ceduna, suka isa da hantsi. Lyle ya riƙe hannun Noeleen har bakin dakalin kallo. Ta daɗe tana duban teku ba ta ga komai ba. Sai ta karkata kai, ta duba da gefen ido.

"Ga wani dogon duhu can. Ya fesa ruwa."

"Uwar ce."

"Akwai ƙaramin duhu a manne da ita."

"Ɗanta ne, Noeleen," ya ce, yana share hawaye.

"To daina kuka ka matsa, tsoho, kana tare mini."

Mai karatu, lissafin mai da ke kan takarda na mota marar kaya ne. Ƙaramin inji da aka yi wa lodi fiye da ƙarfinsa ya fi babba shan mai, kuma shi zai bar ka a hanya. Kafin ka saya, san nauyin kayanka, gwada motar da su, ka saurari wanda ya san hanya, domin akwai tafiyar da ba ta jiran baɗi.