Malamin da Ya Kifa Kai a Aji

"Shugaba, kin ga wannan?" Sakatare ya miƙo mata waya a ƙofar ma'aikatar ilimi.

Bidiyon malamin lissafi ne, ya kifa kai a tebur, ɗalibai suna ta sheƙa dariya. Wani yaro ya ɗauka ya watsa da safe. Kafin azahar ya zaga ko'ina.

Ran shugabar ƙungiyar malamai ya ɓaci. Yau ne za su zauna kan sabuwar dokar da ta ɗora wa malami ɗaya aji uku. Tana shiga, darakta ya juyo mata da wayarsa.

"Hajiya, waɗannan ne aiki ya yi wa yawa?"

Aka tashi ba a cimma komai ba. Ta wuce makarantar a fusace. An riga an sallami yara.

"Yana ciki," in ji shugaban makaranta. "Na hana kowa ya tashe shi, masu bincike su zo su same shi haka."

Ajin shiru. Lissafin da ya fara a allo bai kai ƙarshe ba.

"Malam, ka cuce mu yau! Tashi!"

Ta buga teburin. Hannunsa ya zame, ya taɓa nata. Sanyi ƙalau.

Wayarsa ta yi haske a gefen littattafai. Saƙo ne daga 'yarsa: "Baba, don Allah ka tashi mana, kowa yana yi mana dariya."