Wankan Hafsatu

Doka ɗaya Iya Ladidi ta kafa wa ɗiyarta Zahra'u ranar da ta fara tafiya da ita wankan gawa: ta zuba ruwa, ta miƙo sabulu, amma kada ta kuskura ta ɗaga zanen da aka lulluɓe mamaciya da shi. Shekara arba'in Iya tana wanke matan Bungudu, ba a taɓa jin abin da ta gani a bakin kowa ba. Takan ce mai wanka ba ta da ido, hannu kawai gare ta.

Gawa goma sha ɗaya Zahra'u ta bi dokar nan. Ta goma sha biyu Hafsatu ce, ƙawarta tun suna 'yan mata.

Da sassafe mijin, Ɗanlami direba, ya zo da kansa. Ya ce a Tsafe ya kwana da lodin hatsi, dawowarsa ke nan. Ya ja Iya gefe suka yi magana ƙasa-ƙasa, ta yafa mayafi ta bi shi ita kaɗai. Sai da hantsi ya yi aka aiko Zahra'u ta zo da buta da ganyen magarya.

Gidan bai kwanta mata ba. Ƙyauren ɗakin Hafsatu a ɓalle yake, sakata ta lanƙwashe. Turmi na kwance a tsakar ɗaki, inda ba a daka. Akuya tana yawo a sake cikin masu gaisuwa, ba wanda ya ɗaure ta. Mata suna ta cewa zazzaɓi ne, kwana ya ƙare.

Wata huɗu ke nan, tun da jaririnta ya rasu, Hafsatu ta daina dariya, ta daina fita biki, in an yi mata magana sai ta kalli bango. Zahra'u ta daɗe da yanke hukunci a ranta cewa mijin ne ke cin ta. Ba ta taɓa tambaya ba. Ita dai ta sani.

Iya ta naɗe hannu da tsumma ta fara wanka ta ƙarƙashin zane. Amma yau ta ja zanen har haɓa, ta danne bakinsa da gwiwa.

“Ruwa,” in ji ta. “Idonki a kan buta.”

Da aka gama, Iya ta juya ɗauko likkafani a kwando. Juyawar ba ta fi numfashi uku ba. Zahra'u ta sa yatsa biyu ta ɗaga zanen. Wani baƙin shaci ya zagaye wuyan Hafsatu, fata ta saɓule.

Ta saki zanen, amma Iya ta riga ta waiwayo.

“Kin gani?”

“Na gani, Iya.”

“To, ki haɗiye. Da shi za a binne ki.”

Kwana biyu tana haɗiyewa yana dawowa. Ta ga Ɗanlami a kan tabarmar makoki yana amsa gaisuwa, kansa a sunkuye, ta ce kunya ce ta mai laifi. Ta tuna ƙyauren da aka ɓalle. Ta gaya wa kanta cewa wanda ya ga zalunci ya yi shiru, shi ma da hannunsa a ciki, kuma tsufa ne ya sa uwarta tsoro. Haka zuciya take yi wa mutum wa'azi in tana son ya saɓa.

Ranar sadakar uku ta tare Mannir, wan Hafsatu, wanda ya zo daga Wanke da 'yan uwansa manoma.

“Yaya Mannir, ba zazzaɓi ba ne. Na ga wuyanta da idona.”

Bayan la'asar suka janyo Ɗanlami daga tabarma zuwa ƙofar gida.

“Me ya sami ƙanwata a wuya?”

“Wallahi ban taɓa ta ba.”

“To wa ya taɓa ta?”

Ɗanlami ya dubi taron, ya dubi 'ya'yansa mata biyu da ke raɓe a bakin zaure riƙe da juna. 

“Allah ya sani,” ya ce.

Sau uku aka tambaye shi, sau uku ya faɗi haka. Daga nan ba a ƙara tambaya ba, ƙotar fartanya ce ta ci gaba da magana. Kafin dattawa su raba, kan Ɗanlami ya fashe. A hanyar Gusau ya cika, cikin motarsa, wani ke tuƙi. 'Yan sanda suka tafi da Mannir. Yaran biyu aka ajiye su gidan maƙwabta, kafin a ga wanda zai ɗauka.

Zahra'u ta koma gida, mata na sa mata albarka a hanya, suna cewa ta bi wa ƙawarta haƙƙi. Ta iske Iya zaune a tabarma da carbi.

“Iya, gaskiya na faɗa.”

“Abin da kika gani kika faɗa.”

Tsohuwar ta miƙe da ƙyar, ta shiga ɗaki, ta fito da wani ƙulli a tsumma.

“Da hawaye Ɗanlami ya haɗa ni da Allah in rufa wa Hafsatu asiri, a sallace ta ba gunaguni, kada a riƙa nuna 'ya'yanta da baki har su rasa mijin aure. Ya rantse, na rantse. Shi ya cika nasa.”

Ta kwance ƙullin, ta jefa a ƙafar Zahra'u igiyar akuyar nan, wadda Iya ta yanko da hannunta daga azarar ɗakin Hafsatu, a safiyar da Ɗanlami ya dawo daga Tsafe ya iske ƙofa a rufe da sakata ta ciki.