Hannu Mai Lamba Talatin da Bakwai

Farfesa ya tsayar da bidiyon, ya maida shi baya. A allon babu fuska, babu suna, sai lamba talatin da bakwai da hannun hagu kan baƙin ƙyalle, babban yatsa da manuni suna haɗuwa suna rabuwa. Haka ƙa'idar binciken take: mai dubawa ba ya sanin hannun wa yake kallo.

"Wannan ai majinyaci ne," in ji shi. "Dubi yadda motsin ke ƙanƙancewa bayan na goma. Wa ya jefa shi cikin lafiyayyu?"

Ɗalibarsa ce. Shekara uku ke nan tana tara hannaye don digirinta, rabi na masu ciwon karkarwa, rabi na masu lafiya. Majinyata ba su yi wuyar samu ba. Lafiyayyun ne suka gagara, har ta koma tare duk wanda ya gifta ƙofar ɗakin gwaji, da mai shara, da mai gadi, da mijinta. A cire agogo da zobe, minti ɗaya an gama.

Farfesa ya ce ai cakuɗa fayiloli ta yi. Ya ba ta zuwa ƙarfe biyu: ko ta kawo hujja, ko aikin ya koma farko. Ya tuna mata cewa shekara talatin idonsa bai taɓa kuskure ba, shi da ke gane ciwon daga tafiyar mutum a bakin titi. Yana maganar hannu a aljihu, sabon salon tsayuwarsa da ƙananan likitoci har sun fara kwaikwaya.

Ta buɗe durowar da ake kulle sunaye, ta zaro takarda ta talatin da bakwai. Ta karanta sunan. Har ta fara lissafa ko wata shekara ukun za ta fi sauƙi.

Biyu saura kwata ta ƙwanƙwasa ofishinsa.

Bai bari ta zauna ba. Ya ce in har da gaske mutumin yana ɗaukar kansa lafiyayye, a nemo shi yau. "Irinsu ne ƙarshen sani. Kowa ya gani, su suna nan suna fama da girman kai."

"Ga takardar amincewarsa, ranka ya daɗe."

Ya gyara tabarau, ya matso da ita, don rubutun ƙanana ne ƙwarai. A ƙasan lambar ga sa hannun da shi kansa ya yi mata a tsaye wata takwas baya, yana mitar tana ɓata masa lokaci.