Kafireton Baba Direba

Baba Direba ya sake baje hanjin kafireton motarsa a kan farantin da Mama ke ajiyewa don baƙi. Allura, gaskit, 'yan mitsi-mitsin sukurori, duk ya tsoma su a fetur yana dirza da tsohon buroshin haƙori. Tsakar gida sai warin gidan mai.

Wata da watanni motar na yoyo. Ya kwance, ya wanke, ya ɗaura, washegari a tarar ƙasanta sharkaf kamar shimfiɗar jinjiri. Bakanike kuwa, kada ma a ambata masa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan sitiyari, ya kai manya ya dawo da su ko ƙwarzane babu, shi ne zai miƙa motarsa ga yaran zamani?

Abin haushin, ko kallon aikin ba ya yi. Fuska a sama, yatsu na lalube, wai gwani da hannu yake gani. Gwanin nan ne dai ya tsiyaya shayi a gefen kofi ranar nan, ya kuma wuce maƙwabcinsa ko sallama babu. Mama ta ce kafireto ya cinye masa ɗan hankalin da fansho ya rage.

Ita kam abin ya daina ba ta dariya. Autarsu ta haihu a gari mai nisa, haihuwar fari, kuma ta sha wuya. Mama ta ɗaure kayanta tuni. Babban ɗansu ya yi tayin kai ta, ta ƙi: tun da aka kawo ta gidan nan, tuƙin mutum ɗaya ta yarda da shi. Baba ya ce da ya gama za su kama hanya. Ga dukkan alamu, sai jikar ta zo da ƙafarta.

Ɗan ya gaji, ya ɗauko bakanike ba tare da neman izini ba. Bakaniken ya juya kafireton, ya ce rabon da ya ga mai tsafta haka har ya manta, komai na mazauninsa. Sukuru ɗaya ne a ƙasa bai ɗauru ba. Ya murɗa shi, ya ba mota wuta, ta tashi lafiya lau, ko ɗigo babu.

Gida ya kaure da dariya. Har maƙwabcin da aka ƙi gaisarwa sai da ya leƙo ya karɓi rabonsa.

"Haba Baba," in ji ɗan, yana share hawaye. "Duk watannin nan a kan sukuru ɗaya?"

Baba ya sunkuyar da kai. Mama ta danƙa masa makulli a tafin hannu, murna fal fuskarta.

"Gobe da safe sai hanya. Ni ina gaba, kusa da kai."

Suka shige ciki suna ta maimaita labarin. Shi ya tsaya yana shafa motar, dariyar na yi masa ciwo har cikin ƙashi. Da ya ji muryoyinsu sun yi nisa, ya ɗaga bonet, ya lalubo sukurun, ya sassauta shi kamar yadda ya saba. Gara a ce ya kasa gyaran kafireto, da a gane cewa in ya zauna a kujerar direba, ko ƙofar gidansa ya daina gani.